Ƙafata a Cikin Bahon Inabi

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Asabar ce bayan ƙaramar salla. Ko da ma na so in manta, ƙanwata Zulai ba za ta bari ba, don har yau bidiyon abin yana cikin wayarta. Duk ranar da na ɗaga mata murya a gida ba ta cewa uffan. Wayar kawai take ɗagowa ta girgiza min, sai in ji ladabi ya sauko min daga sama.

Bari in faro muku daga tushe. Ni mutum ne mai son inabi. Ba son ci kawai ba, son nomansa. Ciwon ya kama ni ne a rumfar cajin waya ta wani ɗan'uwanmu a Barkin Sale, nan Minna, inda nake zama tun da na gama sakandare. Aikin ba shi da wuya: ka karɓi waya, ka soka ta a wuta, ka jira mai ita. Sauran yinin naka ne. To a nan na faɗa kallon bidiyon garuruwan Turawa masu noman inabi, irin waɗanda za ka ga tudu bayan tudu duk layin inabi ne har iya ganinka. Iyali guda su kwaso yara da kakanni su tafi shaƙatawa, wasu kan keke, wasu sun yi shimfiɗa a ciyawa, kowa na tsinka yana ci. Yaren da suke yi ban san na wace ƙasa ba ne, ban kuma damu ba. Ido ai ba ya neman tafinta (haka na ɗauka a lokacin).

Kafin ka ce kwabo na zama malamin inabi, a baki dai. Mutum ya zo karɓar wayarsa yana sauri, ni kuwa na riƙe ta gam ina ce masa, "Ka san inabi ba ƙwayarsa ake shukawa ba? Reshe ake yanka a dasa. Kuma sai an kafa masa rumfa ya hau, kamar kabewa." Wallahi akwai 'yan acaɓar da suka daina kawo mana caji saboda ni.

Babanmu yana da wani ɗan fili na gado a hanyar Zungeru, ba abin da ke cikinsa sai ciyawa da awakin mutane. Shi nake hari. Baba kuwa ya riga ya yanke cewa bayan salla zan koma shagon Kawu a Sabon Gari, inda ake sayar da fenti da ƙusa da kwanon rufi. Ba wai sana'ar ba ta da kyau ba ne, amma ni in na tuna zan ƙare rayuwata ina auna ƙusa, sai in ji numfashina na tsayawa. Baba shi ne na'ibin liman a masallacin layinmu, mutum ne da maganarsa ba ta da yawa, kuma in ya faɗe ta ta zauna.

Wata safiya na yi ta maza na durƙusa gabansa.

"Baba, da za ka ba ni aron filin nan na hanyar Zungeru in gwada."

"Ka gwada me?"

"Inabi."

Ya sauke kofin shayinsa ya dube ni. "Inabi? A Neja, ƙasar doya? Kai ko barkono ka taɓa shukawa?"

"Ban taɓa ba, amma na kalla sosai."

"Ni ma na daɗe ina kallon jirgin sama," ya ce, ya ci gaba da shan shayinsa.

Ana nan sai Allah ya jefo min Baba Bitrus. Wani dattijo ne mai malafa, ya kawo cajin 'yar ƙaramar wayarsa, na kuwa buɗe masa huɗuba kamar yadda na saba. Shi ne mutum na farko da ya saurare ni har ƙarshe. Da na gama sai ya yi dariya, ya zuge jakarsa ya ciro wani nonon inabi baƙi-baƙi ya ce, "Irin wannan kake nufi, ɗana?" Na ce daga wace ƙasa? Ya ce daga ƙasar Wushishi. Ashe tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, asalinsu kudancin Kaduna, amma a Minna ya yi aiki ya haifi 'ya'yansa. Da ya yi ritaya sai ya sami gona wajen Wushishi, kusa da wani rafi, ya yi ta fama da inabi yana mutuwa yana sake dasawa har ya kama. Ranar da na fara zuwa na gani, saura kaɗan in yi kuka. Abin da nake kallo a waya, ga shi yana lilo a saman kaina.

Nan dabara ta zo min. Tun da baki ya kasa, bari ido ya yi aiki. Zan kwashi gidanmu kaf, kamar yadda Turawan can suke yi, mu je yawon salla gonar Baba Bitrus. Baba ya gani da idonsa.

Na bi ta wajen Kaka, mahaifiyar Baba, don ita kaɗai ce ke juya shi. Ita kuwa dama zaman gida ya ishe ta. Ta ce, "Maigidan, in da rafi a wurin, ko a kai ka ɗauke ni mu je." Da maganar ta isa wajen Baba sai ya kira ni.

"Na ji an ce da wannan abin Turawa suke yin giya. Ba na son ka kai ni, ka kai uwata, inda gobe za a ce an ga na'ibi."

"Wallahi tallahi Baba, gona ce zalla. Mai ita ma dattijon coci ne, ko goro ba ya ci."

Sai ya ce, "To. In na gani na gamsu, sai a yi maganar fili. In ba haka ba, Litinin kana shagon Kawunka, kuma kada in sake jin kalmar inabi a gidan nan."

Ana gobe tafiya na buga wa Baba Bitrus waya na ce don Allah a ware mana kwando guda, akwai abin mamakin da zan nuna wa mutanen gidanmu. Ya ce, "Ba damuwa, ɗana." Bai tambaye ni mene ne ba. Da ma ya tambaya.

Ranar Asabar muka cika bas ɗin wani maƙwabcinmu. Umma ta yi dafa-duka a manyan kuloli, ga sauran cincin na salla, ga zoɓo ya sha ƙanƙara. Ni kuwa na caɓa ado da shaddata ta salla, mai ruwan sararin samaniya, guga har tana yankan hannu. Na zauna kusa da ƙofa na juyo ina fuskantar mutane, wai ni jagoran tafiya. Duk abin da muka wuce sai na yi bayaninsa. "In kun duba dama, waɗannan bishiyoyin mangwaro ne."

Kaka ta ce, "Maigidan, tun ba a haifi ubanka ba nake shan mangwaro. Zauna ka bar mu mu sha iska."

Gaskiya, rabin farko na yinin nan ban taɓa ganin rana mai kyau irinta ba. Baba Bitrus da matarsa, Mama Rifkatu, suka tarbe mu kamar mun shekara da sanin juna. Ƙannena suka watsu cikin fili da ƙwallo, daga nan suka gangara rafi, wani masunci ya ɗauke su a kwalekwale yana zagayawa da su gefe-gefe, suna ihu kamar an kai su teku. Kaka ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ruwa, ta tsoma ƙafa, tana ba kowa labarin rafin garinsu. Umma da Mama Rifkatu kuwa, daga gaisuwa suka shiga gardamar wace daddawa ta fi, ta kalwa ko ta waken suya, kafin azahar sun zama ƙawaye.

Amma ni Baba nake kallo. Ya shiga ƙarƙashin rumfar inabin a hankali, hannuwa a baya, kamar mai duba aikin gwamnati. Ya ɗaga kai. Nonnan inabi ne reto-reto, rana na ratsowa ta cikin ganye. Ya daɗe a tsaye. Can na ji ya ce, "Ikon Allah." Ya miƙa hannu ya taɓa ɗaya da ɗan yatsa, kamar mai taɓa kumatun jariri. Sai ya fara tambaya: ruwa nawa yake sha, me ke cinsa, yaushe yake fara 'ya'ya. Baba Bitrus na ba shi amsa, ni ina tsoma baki (kuma wasu amsoshin nawa daidai ne, a rubuta min wannan). Misali, mutane ba su san cewa in ka bar inabi ya yi ta yaɗo yadda ya ga dama, ganye kawai zai ba ka ba. Sai ka daure ka datse shi, ka aske shi ƙwal kamar ka tsane shi, sannan ya yi fure. Da na faɗi haka Baba Bitrus ya ce, "Gaskiyarsa, Alhaji," na ga Baba ya ɗan kalle ni ta gefen ido, irin kallon da bai taɓa yi min ba.

Fili ya zo hannu. Na ji shi a jikina. Da na yi shiru daga nan na zauna na ci dafa-dukata, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Da azahar Mama Rifkatu ta kawo mana ruwa a bokiti da sabuwar tabarma, ta nuna mana gabas, muka yi salla. Bayan an ci abinci Baba Bitrus ya ja Baba can ƙarshen gona zai nuna masa injin ban-ruwa. Mama Rifkatu ta kwashi kwanuka ta nufi rafi. Na ce yawwa, lokacin abin mamaki ya yi.

Ga abin da ke raina. A cikin bidiyoyin nan akwai wanda na fi so, na kalle shi ya fi a ƙirga. Ana juye inabi a wani ƙaton mazubi na katako, sai mutane su cire takalma su shiga suna tattakawa, tsofaffi da yara, ana kiɗa ana dariya, ruwan na tsiyaya ta ƙasa. Ni a fahimtata lemo suke haɗawa, irin na biki, kowa ya sha. Ina sane ana yin giya da inabi, amma a tunanina wannan aikin kamfani ne, da injina da kwalabe. Wa zai kawo jikokinsa wurin haɗa giya? Kuma bidiyon gajere ne, daidai inda suke rawa yake ƙarewa. Ban taɓa tambayar kaina ina ruwan yake tafiya ba.

A inuwar ɗakin gona na hango kwando an rufe shi da wani farin ƙyalle mai ado a baki-baki. Na ɗaga. Kai! Inabin da ke ciki ko a waya ban ga irinsa ba. Kowane nono cikakke, ba ƙwaya ɗaya da tsuntsu ya taɓa. Na ce a raina, mutanen nan sun iya karrama baƙo, dubi har da lulluɓi. Na jawo wani babban baho na roba, na ɗauraye, na juye kwandon duka a ciki. Ƙafa kuwa ban ga dalilin sake wanke ta ba, ai yanzu na yi alwala.

Na kira Zulai na ce ta ɗauke ni bidiyo.

"Yaya, ka tambaya kuwa?"

"Ke dai riƙe waya da kyau, kada ki yanke min kai."

Na naɗe wando har gwiwa, na tafa hannu. "Jama'a! Umma! Kaka! Ku matso ku ga yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba!"

Suka taho, har Kaka da sandarta. Na yi bisimilla (wannan ya fi komai damuna in na tuna), na zura ƙafar dama, na bi da ta hagu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da daɗi. Sanyi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, 'ya'yan suna fashewa tsakanin yatsuna, fus, fus, fus. Na kama bakin riga na fara taka rawar da na gani, ina juyi, ina ɗaga gwiwa. Da babu kiɗa sai na riƙa yi da baki. Wurin ya yi tsit. Ko yaran da ba sa iya rufe baki sun yi shiru sun zuba min ido. Na ce a raina, ka ga, abin ya burge su har sun rasa ta cewa. Sai na ƙara wuta.

Ina cikin juyi na hango Baba da Baba Bitrus sun dawo, sun tsaya cak. Ni kuwa murna ta kwashe ni, na ɗaga hannu na ce, "Baba! Cire takalmi ka shigo, akwai wuri!"

Kaka ce ta fara samun bakin magana.

"La'ilaha illallahu. Abinci? Abinci kake takawa?"

(A gidanmu, ko ƙwayar shinkafa ta faɗi ka taka, sai Kaka ta ce za ta kai ƙararka ranar gobe ƙiyama, ita ƙwayar. Yadda aka yi wannan bai faɗo min a rai ba, har yau ban sani ba.)

Na ce, "Kaka, ba takawa ba ce irin wadda kika sani. Lemo ake haɗawa. Yanzu za a tace, kowa ya sha."

"Wa zai sha? Ruwan kaushinka? Allah ya kiyashe ni, na sake ka, saki uku."

Baba bai ko kalle ni ba. Ya juya wajen mai gona, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Malam Bitrus, in an taka shi haka, me ake yi da shi?"

Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, ya yi iya ƙoƙarinsa ya cece ni. Ya cire malafa, ya sosa ƙeya, ya kalli sama. "To, Alhaji, ka san kowace ƙasa da al'adarta."

"Na sani. Me ake yi da shi?"

"Wasu dai suna ɗaukarsa kamar wasa ne, na motsa jiki."

"Malam Bitrus."

Ya sauke numfashi. "Giya, Alhaji. Farkon aikin ke nan. In an taka aka rufe aka bar shi, shi da kansa yake juyewa. Ni abin da ya sa ko matse shi ba na yi a gonar nan ke nan. Mu ma a cocinmu ba ma sha."

Ƙafata ɗaya na sama lokacin da ya faɗi haka. Na rasa ko in sauke ta ko in bar ta a can. Rantsuwar da na yi wa Baba ta dawo min kunne, wallahi tallahi ɗin nan, da muryata sak.

Na ɗauka an kai ƙarshe. Ashe da saura. Mama Rifkatu ta hauro daga rafi da kwanuka a ka. Ba ni ta fara gani ba, farin ƙyallen ta gani yashe a ƙasa, da kwando a kife. Ta sauke kwanukan a hankali.

"Wayyo Allah. Kwandon coci."



"Gobe ne bikin godiyarmu a coci," ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai magana da kanta. "'Ya'yan fari ne na sabon layin inabi, su za mu kai. Tun da sassafe nake zaɓa ɗaya-ɗaya." Sai ta dube ni. "Ɗana, naku yana cikin ɗaki. Na sa shi a sanyi."

To ku tsaya ku duba min wannan aiki. A cikin baho ɗaya na taka abinci gaban kakata, na ɗora harsashin giya gaban na'ibin liman, na kuma murƙushe baikon da aka keɓe wa coci. Addini biyu na saɓa wa, kowace ƙafa da nata.

Abin da ya rage min shi ne in fito in durƙusa. Na ɗaga ƙafa zan tsallake bakin bahon. Wanda bai taɓa tsayawa kan bawon inabi a cikin roba ba, ba zai gane ba, santsinsa ya fi na kuɓewa. Ƙafar da ta rage ta tafi gabas, ni na tafi yamma. Ji kake caɓal! Na zauna daram a tsakiyar bahon, gwiwoyi a sama, ruwa ya yi tsalle har kan malafar Baba Bitrus. Shaddar salla ta koma launin zoɓo daga ƙugu zuwa ƙasa.

Wani cikin yaran ya yi ƙiƙ, ya toshe baki. Sai na ji wata irin ƙara, na ɗauka kuka Mama Rifkatu take yi. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa tana share hawaye da gefen zani, tana cewa, "Ku ɗaga shi, ku ɗaga min yaron nan kafin ya jiƙa ya tsiro." Daga nan kowa ya ɓarke, har Umma da ta rufe fuska da mayafi don kunya. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba.

Babu wandon canji a gona. Abin da aka samu shi ne wani tsohon zanin Mama Rifkatu na zumuntar mata, da rubutun coci zagaye da shi. Shi na ɗaura, ita kuma ta karɓe wandon da hannunta ta je ta wanke, duk da Umma na roƙonta ta bari. Na fito daga bayan ɗaki ina tafiya ɗaiɗai. Kaka ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Na fita da miji, zan koma da kishiya. Ka iya ɗauri kuwa, ba laifi."

Abin da ke cikin bahon kuma, Baba Bitrus ya sa na haƙa rami na juye na binne. Ya ce, "Yi sauri, ɗana, kafin rana ta ƙarasa aikin da ka fara."

Ina dawowa na tarar da Baba tsaye gaban Mama Rifkatu, ya cire hula, abin da ban taɓa gani ya yi wa wani ba. Yana ba ta haƙuri, yana cewa a ɗauki kwandonmu na cikin ɗaki a kai cocin. Ta girgiza kai.

"A'a, Alhaji. Wannan na baƙi ne, na riga na bayar. Ba zan kai wa Allah abin da na ƙwace daga hannun baƙo ba. Akwai saura a sabon layin, sai dai a sake zaɓa."

Baba ya mayar da hularsa, ya naɗe hannun riga. "To a ba ni almakashi."

Haka gidanmu kaf muka shiga sabon layin. Umma na riƙe da kwando, yara na leƙa ƙarƙashin ganye suna ihun "ga wani nan!", Kaka na zaune a kan kujera 'yar tsugunne ta zama alƙali, duk wanda aka kawo sai ta juya shi ta ce a sa ko a ajiye gefe. Ni na rakuɓe a baya da zanina, ina fatan ƙasa ta tsage. Sai Baba Bitrus ya miƙo min almakashi ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Zo ka nuna wa Alhaji yadda ake yanka."

Kaka ta ce, "Da hannu dai, don Allah."

Na karɓa na nuna masa. A kama ta wajen tsinken, kada a damƙi 'ya'yan. A yanka sama kaɗan. Kada a goge farin-farin nan da ke jikinsu kamar hoda, ba datti ba ne, shi ke nuna ba a jagwalgwala su ba. A kwantar a kwando, ba a jefawa. Baba ya yi yadda na ce. Ya yanko wani, ya ɗaga shi a rana, ya ga ƙwaya ɗaya ta ɗan fashe, ya ajiye gefe. Mama Rifkatu ta ce ai wannan ba komai, a sa. Ya ce, "A'a. Tun da na Allah ne, a zaɓi mai kyau."

Ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Na ce wa Zulai ƙwaro ne ya faɗa min a ido.

Da za mu tafi, dattawan biyu suka keɓe a gindin mangwaro. Ban ji duka ba, amma na tsinci muryar Baba Bitrus yana cewa, "Alhaji, ni na ga yara da yawa. Wanda ba ya son aiki, ba ka da maganinsa. Wannan kuwa so ne ya yi masa yawa, ba wanda ya nuna masa inda zai sa shi." A mota har muka shigo Minna Baba bai tayar da maganar fili ba, ga wandona da ɗanshi, ga kwandon baƙi a cinyar Kaka tana ci tana yi min waƙa.

Ruwan inabi kuwa ya kama faratan ƙafata da tsagar dunduniya, na dirza da soso da toka ya ƙi fita. Washegari a masallaci wani dattijo da ke bayana a sahu ya taɓo ni bayan sallama ya ce, "Samari, lalle ka sa? Yaushe ne bikin?"

Ranar Litinin na tashi na yi wanka na sa tsofaffin kaya, ban jira an ce min ba. Na zo wucewa Baba na zaune a zaure.

"Ina zuwa?"

"Shagon Kawu."

"Wa ya aike ka?"

Na tsaya.

"Fili dai ba yanzu ba," ya ce. "Mutumin da bai san kwandon da zai taɓa ba, ba a ba shi gona. Ka tafi wajen Malam Bitrus. Duk abin da ya sa ka, ka yi, ko kashin kaji ne ya ce ka kwashe. Ranar da ya ce min ka iya, sai ka zo mu yi magana." Na durƙusa ina godiya, bakina na harɗewa. Har na kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Kuma ka sayi takalmi mai igiya. Irin wanda cire shi ke da wuya."

Sai da na fita na ji shi yana dariya shi kaɗai a zaure.

Na yi rani da damina da wani ranin a gonar nan. Na kwashi taki, na kori tsuntsaye, na kashe dashe ba adadi kafin ɗaya ya kama a hannuna. Mama Rifkatu ba ta taɓa tayar min da maganar ba, sai dai duk sanda ta ga na doso wani kwando takan yi gyaran murya. Yanzu Baba ya yanka min kusurwa guda a filin hanyar Zungeru, na kafa rumfa biyu, kuma a makon jiya na ga fure na farko. In kun biyo ta wajen ku tsaya, wallahi zan yi muku bayanin komai, sai kun ce ya isa.

Abin da na ɗauka daga wannan rana kuwa ba shi da tsawo. In kana wani abu ka ga manya sun yi tsit sun zuba maka ido, kada ka ƙara wuta. Ba burge su kake yi ba. Tsaya ka tambayi abin da ya faru, tun kana kan ƙafafunka.